Muryoyin da Na Tara a Sharafiyya

Shekaru sun ja, amma wata Laraba da na miƙe tsaye a tsakiyar taro a wani otal na Jidda ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin fasaha a unguwar Sharafiyya. Mai kamfanin matashi ne haziƙi, ga fara'a, kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, iƙamata ta izinin zama a hannunsa take. Ya ce mana manhaja yake haɗawa da za ta riƙa yi wa alhazai tafinta. Aikina in kawo Hausawa a naɗi muryoyinsu. Na kuwa cika ofishin da mutanenmu na unguwar Kurayyat, 'yan Damagaram da 'yan Cadi, har da gwaggona da ta dogaro sandarta ta zo, wai ita ma ta samu ladan baƙin Allah.

Da fari jimlolin na alhazai ne: ina masauki, ina asibiti. Kwatsam aka miƙo mini sabuwar takarda. "Ku ɓoye babur ɗin." "Sojoji sun wuce?" Na tambayi manaja, ya ce, "Yalla, maza naɗa kawai." Na naɗa. Har yau ina jin kunyar wannan.

Bayan 'yan makonni aka ba ni wata wasiƙa in fassara daga Faransanci. Sunan kamfanin da ke kanta daban ne, amma sa hannun na maigidana ne. Ashe yana da kamfani na biyu da bai taɓa ambata ba, mai sayar da na'urar sauraron wayoyi ga wasu 'yan tsaro masu zaman kansu da ke aiki a yankinmu can gida. Na gane da muryoyinmu za a koya wa na'urar Hausa. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a gida, kullum sai ya ɓoye babur saboda ɓarayi. Idan na'ura ta ji shi ta ɗauke shi ɗan bindiga fa?

Ranar ƙaddamar da manhajar, wato Larabar nan a otal, maigidana ya hau dandamali yana ta zuba kan hidimar alhazai. Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu.

"Ya ustaz, muryoyin da muka naɗa, alhazai kaɗai za su yi wa aiki?"

Ya yi murmushi. "Wannan sirrin kasuwanci ne. Babu dokar da ta ce in bayyana."

Na ce, "To, ni na kawo mutanen nan, ni za su tambaya. Me zan ce musu?"

Ya juya ga mai tambaya na gaba. Washegari manaja ya ce, "Halas, an gama, nemi wani kafili."

Ban tsaya kuka ba. Na bi Kurayyat gida-gida na faɗi gaskiya. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kai ka kai mu, kai za ka fito da mu." Muka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, muka nemi a goge muryoyinmu. Mai kamfanin ya amsa a rubuce cewa an goge. Ko an goge ɗin, Allah masani, don babu wanda ke da ikon dubawa. Shi dai ko gezau, har gobe ana gayyatarsa taruka. Ni kuma wani mai shagon waya a Aziziyya ya karɓe ni, aka mayar da iƙamata wurinsa.

Ban yi nadama ba. Abin da na koya shi ne, mai fasaha yana iya ɓoye rabin sana'arsa doka ta ƙyale shi. Saboda haka kafin ka ja 'yan uwanka cikin aikin wani, tambaye shi wa yake sayar wa. In ya ƙi faɗa, ya riga ya ba ka amsa.