Gwangwanin da Malam Abdulkabir Yake Ajiyewa a Rumbu

Kowace Alhamis, da an idar da Azahar, Malam Abdulkabir ba ya bin mutane gindin darbejiya shan fura. Ɗakin kati na ƙaramin asibitin ƙauyenmu, nan gabas da Zakirai, can yake komawa. Sai ya jona wani ɗan faifan ajiya mai girman tafin hannu a jikin tsohuwar kwamfutar asibitin, ya zauna yana jan carbi har ta gama kwafe kanta kaf a ciki. Ba sunayen marasa lafiya kaɗai ba, har da manhajar da ke buɗe su, da duk tsarin da ke tafiyar da injin. In ta gama, ya naɗe faifan a tsumma, ya jefa a gwangwanin madara, ya ɗaure a bayan keke. A gida kuma ba ɗaki yake kai shi ba. Cikin rumbu yake ajiye shi, kusa da damin geron iri, wai nan ne babu zafi babu danshi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan, dariya kuwa ya sha ta har ya ƙoshi. Malama Tahira, nas ɗin asibitin, ita ce kan gaba a tsokana. Da ta ga ya ɗauko gwangwani sai ta tambaye shi buhu nawa kwamfutar za ta yi bana. Shi dai murmushi yake, ya hau kekensa.

Da takardar kati ya fara aiki, shekara talatin da suka wuce. Daga baya wata ƙungiya ta kawo kwamfuta da manhajarta, ta koya masa, ta tattara ta tafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Manhajar nan kuwa taurin kai gare ta, ba ta yarda ta buɗe a sabuwar kwamfuta. Shi kaɗai ya zauna ya shigar da katunan ƙauyuka bakwai da yatsu biyu. Kuma yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa shi: bayan kowane suna sai ya rubuta gidan da mutum ya fito da alamar gidan. Ya san mu sarai. A nan in ka kira Furera a layin awo, mata biyar ne za su miƙe.

Abin da ba mu sani ba shi ne, ba ajiya kawai yake yi ba. Sau ɗaya a wata yana gwada ta, yadda manomi ke jiƙa 'yan ƙwayoyin iri a tsumma ya ga ko za su tsiro. Da wayarsa ya koyi yadda ake tayar da tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Akwai manhajar da ke keɓe wuri a cikin laftof, ta shirya shi tamkar wani inji daban, sai a zuba tsohon tsarin a ciki ya tashi yana zaton a jikinsa yake. Kwamfuta a cikin kwamfuta. Ya taɓa yi wa Tahira bayani, ta ce Allah ya ba da sa'a.

A Agustan bara aka kwana uku ana ruwa. Ranar Litinin Malam ya tafi ta'aziyya Bagwai, sai kwanon ɗakin kati ya fara yoyo daidai saitin kwamfutar. Tahira, baiwar Allah, da kyakkyawar niyya ta samo buhunan taki biyu ta lulluɓe ta ruf, ta ɗaure da igiya yadda ake rufe hatsi. Ba ta kashe ta ba. Kafin La'asar ɗakin ya ɗauki ƙauri, inji ya mutu murus.

Washegari da hantsi Iliyasu na gidan marina ya kawo matarsa Furera a amalanken shanu. Kwananta huɗu da haihuwa, jiki zafi zau, ba ta ko gane mutane sosai. Tahira ta duba ta ga ciwo ya shiga, sai an yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take. Tana ɗauko kwalba Iliyasu ya tare ta. Ya ce shekara shida da suka wuce, a nan asibitin, an yi wa Furera wata allura fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar aka ceto ta. Ma'aikacin da ya yi ta ya gargaɗe su kada a sake, ya sa aka rubuta. Wace allura ce? Iliyasu ya ce fara ce, a 'yar kwalba. To ai duk farare ne a 'yan kwalabe! Katin hannunsu gara ta cinye, ma'aikacin ya rasu, ruwa kuma ya ɓalle kwalbatin hanyar Kano. Amsar tana cikin injin da ke kwance ƙarƙashin buhun taki. Tahira ta tsaya da kwalba biyu, ɗaya a kowane hannu, hawaye na zuba. In ta jinkirta ciwon ya ci Furera, in ta zaɓi wadda ba ita ba ta kashe ta da hannunta.

A haka Malam, wanda ya dawo da dare kafin kwalbatin ya ɓalle, ya shigo ya same su. Ya ɗaga buhun, ya shinshina, ya mayar. Ko kallon tuhuma bai yi mata ba.

"Ki sa mata ruwa, ki sauke zafin," ya ce. "Ina zuwa."

Waɗanda ke bakin masallaci sun ga dattijo ɗan shekara sittin yana tura keke cikin taɓo, wando a naɗe har gwiwa. Ya dawo da gwangwani a cikin riga. Solar asibitin ba ta ga rana ba kwana uku, batirin laftof ɗinsa saura kaɗan, sai Kamaruddeen mai cajin waya ya rufe shago ya ɗauko janaretonsa a ka. Zuba tsarin kaɗai ya ci minti arba'in, Iliyasu na tsaye a ƙofa bai zauna ba. Da Malam ya kunna, allon ya yi shuɗi ya tsaya cak. Iliyasu ya yi salati. Malam bai girgiza ba, domin ya taɓa ganin wannan shuɗin a wajen gwaji. Ya koma saiti, ya canza nau'in faifan zuwa na da, ya sake kunnawa. Sai ga ɗan kiɗan nan da tsohuwar kwamfutar ke yi duk safiya, yana fitowa daga jikin laftof.

Ya rubuta Furera, guda tara suka fito, biyu daga ciki kowacce sunan mijinta Iliyasu. Ya bi da yatsa: gidan marina, bayan tsamiya. Ya buɗe. Ga shi da jan rubutu, penisilin.

Ita ce kwalbar da ke hannun daman Tahira. Ta ajiye ta a hankali, ta zuƙi ɗayar.

Ranar suna Furera na zaune a kan tabarma, ba ƙarfi sosai, amma da kanta ta karɓi barka.

Malam Abdulkabir, kai ne ka yi mana tanadi muna maka dariya. Kai ne ba ka taɓa riƙe sirinji ba, amma akwai yarinya a gidan marina da ke shan nonon uwarta saboda Alhamis ɗinka. Mai gwangwani, uban ɗakin kati! Wallahi muna jin kunyarka, kuma muna ƙaunarka. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, ba mu da lambar yabo da za mu rataya maka. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar hutawa, ya sa abin da ka yi ya tarar da kai a mizani.

Ku kuma masu riƙe da kwamfutocin makarantu da asibitoci da ofisoshi, ku kwafa, ku ajiye a wani wuri daban, kuma ku riƙa gwadawa tun ba a shiga uku ba.

Alhamis ɗin da ta wuce, Tahira ce ta zauna ta yi kwafin, ta kuma tayar da shi a laftof da kanta Malam na kallo. Da ta gama sai ta tsaya tana murza gefen hijabi. Ta ce ita a gidan haya take, ba ta da rumbu.

"Akwai wuri kusa da geron," in ji Malam. "Amma ki zo da gwangwaninki."