Yarinyar da Barewa Ta Ɗauka

Shekarar da rijiyar garinmu ta rufta, kusa da Gangara, ina da shekara bakwai. A lokacin Kaka Dije, uwar babana, takan tara mu bayan tuwo, tana gasa mana gyaɗa a bakin murhu. Tatsuniya ɗaya ce ba ta gajiya da ita. Wai an yi yunwa, wata yarinya ta fita daji tsintar ƴaƴan anza, barewa ta ce mata, "Hau, in kai ki inda nono yake." Ta hau, suka yi arewa. Nan labarin yake tsayawa.

Nakan ce, "Kaka, yaya sunanta?"

Sai ta ce, "Ji mijin banza! Goro bai saya mini ba, sai tambaya. Ita ce dai."

Sai da babana ya kwanta ciwon ajali ya gaya mini babu wata barewa. Yayarsa ce, ƴar farin Kaka. A shekarar yunwa aka ba wasu makiyaya ita, masu komawa wajen Tenhya, don ta rayu. Shi babana yana goye a lokacin. Ita kuma Kaka, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunan ba har ta rasu. Ya ce, "In tana da jikoki, ka nemo su."

Da wane suna zan nema? Dalilin da ya sa na shiga karatun manya ke nan, da furfura a gemu. Shekara uku ina haɗa baƙi, sannan na je biro, wato ofishin da ake ajiye tsoffin kundayen ƙidaya. Wani dattijo ya buɗe mini shafin gidanmu, na bi da yatsa a hankali. An rubuta kakana sau biyu. A rubuce, wai Kaka ta girmi babana da shekara tara kacal. Har jakin gidan yana ciki. Yarinyar ce babu, ko da yake tana gida lokacin da aka yi ƙidayar.

Dattijon ya ce, "Ƴar fari ce?"

Na ce, "E, Baba."

Ya rufe kundin. "To ai mai rubutu abin da aka faɗa masa yake rubutawa. Wace uwa za ta kama sunan ƴar fari a gaban baƙo?"

Yanzu na gane dalilin da ya sa Kaka take tsayar da labarin a hanya: iyakar abin da ta sani ke nan. Karatu na iya, amma babu abin karantawa. Biyar ta haifa, huɗu aka rubuta. Mutum biyu suka san sunan ta biyar ɗin, Kaka da mijinta, kuma duk mun binne su.