Mangwaron da na ba surukata

Shekarar da surukata ta sauko daga ƙauyensu na kan dutse a Filato don a yi mata aikin ido, mangwaron gidanmu na Kamazou ya yi 'ya'ya har rassa suna kwanciya a kan katanga. Ɗan aure ne, ni na dasa shi, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya sha labarinsa.

Yanar ido ta kusa rufe mata gani a lokacin. Da muka dawo daga asibiti ran farko, na tsinko manya, na wanke, na kai mata kan tabarma.

"Mama, ga namu na gida. Babu irinsa a kasuwa."

Ta lalubo ɗaya, ta ɓare da haƙori, tana sha tana sa mini albarka. Ta kai rabi sai na ga abu fari yana motsi a yatsanta. Tsutsa ce. Na duba wajen ƙwallon, ga su nan cunkus.

Na riƙe hannunta. "Mama, tsaya. Akwai tsutsa."

Ta tofar a hankali, ta nemi ruwa. Matata ta kawo kofi, ba ta ko kalle ni ba.

"Ba kome, ɗana," in ji tsohuwar. "Can wajenmu sanyi bai bari ƙudan da ke kawo ta ya yi yawa, shi ya sa na saba ci ba dubawa. Na manta na sauko ƙasar zafi."

Ƙudan na san shi. Ƙarami ne, mai ratsin rawaya kamar zanzaro. Yakan huda ɓawo ya zuba ƙwai, waje lafiya lau, ciki ya ruɓe. A gidanmu bai taɓa rasa wurin zama ba: mangwaro ya ƙare ya koma gwaiba, gwaiba ta ƙare ya haura lemun maƙwabci. Na yanka ragowar mangwaron da na tsinko a bayan gida, duk haka suke.

Da yamma na kwashe waɗanda suka zube, na haƙa rami mai zurfi na binne.

Ta yi kusan wata tare da mu, aikin kuma ya yi kyau. Kullum sai ta ce a kawo mata mangwaron surukinta. Matata ce ke yankawa, tana duba kowane yanki a rana. Ni kuwa da na ji an ɗauko wuƙa sai in tuna ina da abin yi a bakin titi.