Mai zanen ɗakin haihuwa a tashar Buza

Muna jiran motar Tabotaki ta cika, ga wata mata zaune kan buhun gero, kwamfuta a cinyarta. Gyalenta ya zame, takalmanta sun yi futu-futu da jar ƙasa, ko a jikinta. Na leƙa, ashe ɗakin haihuwa take zanawa. Tana jan yatsa, rana tana ratsa zanen daga gabas zuwa yamma, ɗakin yana yin ja wur, alamar zafi.

Sai ta cire rufin kwano ta ɗora na laka, ta huda 'yan tagogi can sama, ta kawar da ƙofa daga gabas inda ruwa ke bugowa. Jan nan ya soma komawa shuɗi.

"Ya huce! Wallahi ya huce!" Ta dafa tsohuwar da ke gefenta. "Inna, diba, ko da bazara!"

Ban san sunan mai zanen ba, amma ina jin ta taɓa yin naƙuda ƙarƙashin kwano da tsakar rana.

Tsohuwar ba ta dubi zanen ba. Tsohon cikin matar ta duba, ta ce, "To, ɗiyata, ku yi hamzari."