Buhun Takin da Na Kai wa Baba

Shekarar da aka ɗauke ni aikin malamin gona aka tura ni Ajingi, kaina ya fi ƙarfin hulata. Ga sabon keke, ga kaki ya sha guga, ga takin zamani da aka ce in koya wa manoma. Su kuwa sai su leƙa buhun su ce, "Malam, gishirin nan na miya ne ko na gona?"

Na ce bari in fara daga gida. In gonar Baba a Kademi ta yi kyau, ai magana ta ƙare. Na ɗaure buhu guda a bayan keke, na yi ta kokawa da yashi har ƙofar gidanmu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ni ɗan fari ne. Baba ba ya kiran sunana, ba ya haɗa ido da ni, balle in zaunar da shi in yi masa darasi. Sai na bi ta hannun Gwaggo, ƙanwarsa. Na ce, "Gwaggo, ki gaya masa cikin murfin kwalba ɗaya ake sa wa kowane gindi, ɗan nesa da shukar, a rufe da ƙasa." Ta ce, "An gama, ɗan nan." Ashe abin da ta isar shi ne, "Yaron nan ya kawo maka taki."

Baba kuwa tun tasowarsa ya san taki ba ya yawa, mangala-mangala ake kai shi a jaki. Ya dinga dumbuzowa da hannu biyu yana kifa wa gero a gindi. Bai yi nisa ba buhu ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, duk inda takin ya taɓa ya ƙone ƙurmus.

Labari ya riga ni isa kasuwar Ajingi. Ina shiga aka ɗauki ihu: "Ga mai ƙona gonar ubansa nan!" Wallahi na ji kamar in nutse. Maigidana na ofis a Gaya kuma ya ce in damina ta wuce ba wanda ya karɓi taki a hannuna, in nemi wata sana'ar.

Na dira gida ina huci. "Haba Gwaggo! Ina murfin kwalbar da na ce?"

Ta ce, "Yo ni in je in ce wa yayana ya ciyar da gona da murfin kwalba? Ai sai ya ce na zare!"

Na rasa fushi zan yi ko dariya. Washegari na tuɓe kakin, na nemo wani takin, na shiga ɓangaren dawa ina aunawa da kaina, gindi-gindi, har bayana ya sage. Baba yana can ƙarshen gona yana noma, ya ba ni baya, amma ina ganinsa yana leƙena ta ƙarƙashin hammata.

Allah ya saukar da ruwa. Dawa ta miƙe, ganye ya yi kore shar har yana baƙi-baƙi.

Wata Juma'a ana sakkowa daga masallaci, Baba ya jawo dattawan gari zuwa gona, na biyo su a baya. Ya tsaya kan ƙonannen wurin ya ce, "Wannan ɓarnata ce, da hannuna na yi ta. Waccan dawar kuwa..." Ya kalli sama. "Aikin malamin gona ne. Mai so ya tambaye shi."

Wani tsoho, abokin wasansa, ya ce, "Wane malamin gonar? Ɗan wa ne?"

Baba ya ce, "Oho," ya ja bakin riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Daɗi ya kashe ni. Dattawa suka yi mini caa, kowa yana tambayar yaushe zan zo gonarsa, ni kuwa hawaye ya cika mini ido.