Baƙin Bijimi a Lungun Masu Tukwane

Shekarun baya, a shekarar da Arewa ta sami mulkin kai, bijimai shida na koro daga kara zan kai wa mahauta. Huɗu nawa ne, su ne duk abin da na tara tun ina yaron dillalai. Biyu kuwa amanar wani Bafulatani ne daga Lajawa.

Ba a taɓa irin wannan biki a Wudil ba, babu wanda ya san yadda ake yinsa. Ni dai na san ba a murna babu nama. Abokina da muke korar shanu tare ya ce, "Mutumina, mu bari sai gobe mana. Yau gari ba ya hannun kowa."

Na ce, "Gobe uban wa zai sayi nama? Kai dai riƙe sandarka."

Wayona bai kai kan 'yan makaranta ba. Ashe gangunan da suke wa Turawa fareti da su aka kakkaɓe aka fito da su. Mun shiga lungun masu tukwane ke nan, matsattse, babu wurin kaucewa, sai ga yara sun ɓullo ta gabanmu a jere, ƙanana a gaba, kowa da 'yar tuta. A bayansu maharba suka saki bindigogin toka.

Baƙin bijimin da ke jan sauran ya tsaya cak, ya miƙe kunnuwa, ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya san shanu ya san inda ya bi, nan biyar ɗin za su bi. Igiyar ƙafarsa tana hannuna. Na yi ihu a tsai da ganga, ko ni ban ji muryata ba. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya a sahun gaba sai kaɗa mana tuta take tana dariya.

Abokina ya ce, "Innalillahi! Zai tafi!"

Bijimin ya zabura. Igiya ta saluɓe mini fatar hannu. Na yi tsalle na naɗe ta a wani kututturen dabino, na danne da ƙirji. Na ji ƙas, ƙafar bijimin ta karye. Ya faɗi ta gefe, ya rusa dangar wata tsohuwa, sauran suka afka ta kansa cikin randunan da ta shanya.

Tsohuwar ta fito riƙe da ƙugu. "Ɗan nan, mulkin kan ke nan? Da randunana aka fara?"

Na buɗe baki in ba ta haƙuri. Sai kawai na zube cikin fasassun randunan, ni da ake kira mai taurin rai a kara.

Har yau in na ji gangar fareti ranar bikin 'yanci, sai tafin hannuna ya yi zafi. Tun ranar ba na fito da dabba sai na tambayi abin da gari ke ciki.

Baƙin bijimin na Bafulatanin ne. Aka yanka shi a wurin, mahauta suka saye shi yadda suka ga dama, na maye masa da mafi ƙiba a nawa. Randuna suka cinye ribar sauran. Yara kuwa, yadda suka fito haka suka koma gidajensu, ko ƙwarzane babu.