Yadda Ladan Ya Zama Mai Zumunci

An haifi Ladan bayan ruwan Tiga ya cinye garinsu, don haka gonar kakansa labarinta kawai ya gada. Abin da ya samu a hannu shi ne 'yar fadama a gefen Bebeji, sai kuma ƙin taro. Tun yana saurayi ya gano cewa mai noman rani ba ya rasa uzuri. Suna, ɗaurin aure, sulhun dangi, amsarsa ɗaya ce: "Ina da ban ruwa." Ba wanda ya taɓa cewa a bar tumatir ya bushe saboda ragon suna. A haka ya yi furfura, kwance a gindin mangwaro da rediyo a ƙirji, dangi na yi masa kallon mai himma.

Sai 'yarsa Khairiyya ta gama karatun aikin gona, ta dawo da niyyar hutar da shi. Ta kafa masa rumfar leda, ta shimfiɗa siraran tiyo a gindin shuka, ta soke wata 'yar na'ura mai auna danshin ƙasa, ta haɗa injin ruwa da sola, ta tattara komai cikin wayarsa.

"Baba, ko kana Kano, dannawa kawai za ka yi," in ji ta.

Matarsa Furera na tsaye a bakin rumfar, kuma ta ji.

Ba a jima ba aka yi haihuwa a Kiru, gidan ƙanen Furera. Ranar suna Ladan ya gyara murya.

"Ina da ban..."

"Yana aljihunka, Malam. Ga rigarka na goge," in ji Furera.

A wajen sunan wasu suka yi masa gaisuwar baƙo. Kawu Ɗanasabe, dattijon dangin, ya dube shi daga kan buzu.

"Kai Ladan, an ce yanzu daga zaune kake noma, kamar ma'aikacin gwamnati."

"Haka yara suka tsara, Kawu."

"Miƙo in gani."

Ba a hana kawu abu a gaban jama'a. Kawu ya karɓi wayar, ya yi bisimilla ya danna.

"Yanzu ruwa na zuba a Bebeji?"

"Yana zuba, Kawu."

Liman ma ya ce a ba shi ya sa albarka. Daga shi sai wanzami, sai duk mai furfura a kan tabarma, kuma kowace dannawa ƙarin ruwa ce. Wayar ta shiga ƙara tana kunna jar wuta. Kawu ya ce godiya take yi. Ladan ya san inda ake kashewa, amma bai kashe ba. Kunya ce ko dabara, har yau bai faɗa ba.

Da suka koma, rumfar ta fi kama da gonar shinkafa. Tumatirin bai sake miƙewa ba. Ladan ya tsaya a gaban matarsa da 'yarsa da fuskar ta'aziyya.

"Kun dai gani. Ni da taro babu alheri. Daga yau ina nan kusa da shuka."

"Gaskiyarka, Malam, ba za a sake ba," in ji Furera. "Asabar akwai ɗaurin aure a Doguwa. Wayar za ta zauna wajen Khairiyya."

Yanzu da wuya a yi taro tsakanin Bebeji da Tudun Wada ba a ga Ladan ba. Yakan zauna can ƙarshen tabarma, hannu a aljihun da ba komai, ana yabon zumuncinsa.